Tarihin rabon gado da riƙon marayu a ƙasarmu

 Darasinmu na yau tarihi ne. Idan mai gida ya rasu a Ɗan Gulbi, ya bar gona da mata da ƴaƴa ƙanana, wa ke raba gado? Wa ke riƙe rabon marayu? To, bari mu duba yadda abin ya faro.

A zamanin kakanni, a gidaje da yawa ba a raba gandu. In uba ya rasu, ƙanensa ko babban ɗansa shi ke zama mai gida. Shi ke riƙe gona, shi ke ciyar da marayu. Ba takarda, sai shaidar dattawa. A lokacin daji yana da faɗi, wanda gida ya yi wa kaɗan sai ya je ya sari sabuwar gona.

Da musulunci ya yi ƙarfi, malamai suka riƙa raba gado bisa Alƙur'ani da mazhabar Malikiyya. Da fari a yi wa mamaci sutura, a biya bashinsa, a cika wasiyyarsa, amma kada ta wuce sulusin dukiya. Sa'an nan a raba saura.

Ga misali. Mutum ya rasu, iyayensa ba su da rai. Ya bar mata 1, ƴaƴa maza 3, ɗiya 1, da damin hatsi 80 bayan biyan bashi. Matar tana da tumuni, wato dami 10. Saura 70. Kowane ɗa ya sami 20, ɗiya ta sami 10. Yaro ko yana goye rabonsa cikakke ne. Mai riƙonsa ajiya aka ba shi, sai ya mayar in yaron ya girma ya yi hankali.

Da Turawan Faransa suka zo, a 1903 suka yi dokar kotunan ƴan ƙasa a Afirka ta Yamma. Komanda shi ne babba, dattawan gari na zaune kusa da shi suna faɗa masa al'ada. A 1946 aka ɗauke shari'ar laifi daga waɗannan kotuna, amma aka bar aure da gado a ƙarƙashin al'ada.

Bayan samun mulkin kai a 1960, dokar 16 ga Maris 1962 ta tsara kotunan Nijar. Ta ce a sha'anin aure da gado da wasiyya, alƙali ya bi al'adar masu shari'a, tare da dattawa masana al'ada. An sake dokar a 2004, an kuma sake ta a 2018, amma wannan tushe bai canza ba.

Abin da ya canza shi ne yawan jama'a. A ƙidayar 1977 mutanen Nijar miliyan 5 ne da ɗoriya. A ta 2012 sun wuce miliyan 17. Gona ta yi tsada, rigimar gado ta yawaita, dattawan da suka shaida kuma suna rasuwa. Shi ya sa dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye masu rubuta wa mutum takardar gonarsa.

Ga hanyar da ake bi. A karɓi takardar mutuwa. Dangi su zauna, su ƙidaya magada da dukiya, su zaɓi mai riƙon marayu, a rubuta. A kai takardar kotun Dakoro, alƙali ya tabbatar da ita. Da ita ake karɓar kuɗin mamaci a banki ko fanshonsa. In an sami saɓani, mai gari da sarkin Kornaka aikinsu sulhu ne. In sulhu ya gagara, hukunci na alƙali ne.

Ɗan uwa, yanzu ka iya karatu. In aka kira ka zaman dangi, kada ka dangwala hannu sai ka karanta. Duba sunan matar, duba sunan ɗiya, duba sunan jariri. Duba an rubuta iyakar gona. Maraya bai iya magana ba yau, amma takardar za ta yi masa shaida ran da ya girma. Allah ya ba mu ikon riƙe amana. Sai darasi na gaba.