Saƙon da aka goge a salula: ana iya dawo da shi ya zama hujja a kotu?

Mutane da yawa na zaton da an goge saƙo shi ke nan, ya tafi. Ba kullum ba ne.

Ina saƙon yake shiga?

Salula tana ajiye saƙonni a wani rumbu na cikinta. In ka latsa gogewa, sau da yawa sai ta yi wa gurbin alamar cewa babu kowa, amma rubutun yana nan har sai wani sabon abu ya hau kansa. Shi ya sa lokaci ke da muhimmanci: duk hoto ko saƙon murya da ya shigo daga baya na iya shafe tsohon kwata-kwata. Sababbin wayoyi kuma suna kulle bayanansu da mabuɗin sirri, saboda haka in aka mayar da waya yadda ta fito daga kamfani, da wuya a samu komai.

Sai dai saƙo ba wuri ɗaya yake zama ba. Akwai wayar wanda aka aika wa. Akwai hoton allo da wani ya ɗauka. WhatsApp ma kan yi ajiyar hirarraki cikin dare, a wayar ko a Google Drive. Tun 2016 kamfanin ke rufe saƙonni ta yadda shi kansa ba ya iya karanta su, don haka a jikin wayoyi ake nema. Su kuwa kamfanonin layi irin su Airtel, Moov da Zamani, abin da aka saba nema wurinsu shi ne lambar da ta kira wata, da lokaci, da eriyar da ta ɗauki kiran.

Yaya masu bincike ke yi?

Da farko sukan raba wayar da layi da intanet, don kada wani ya goge ta daga nesa. Sai a rufe ta da hatimi, a rubuta sunan duk wanda ta shiga hannunsa. Ƙwararre ya kwafe abin da ke ciki da na'urori irin su Cellebrite ko XRY, ya yi aiki a kan kwafin, ya bar asalin yadda yake, sannan ya miƙa wa alƙali rahoto.

A Nijar, doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 ce ke hukunta laifuffukan intanet, kuma ƴan sandan binciken laifuka a Yamai na da sashe na musamman kan haka.

Saƙo kaɗai ya isa?

Alƙali ne ke auna shi. A ƙauye waya ɗaya kan yi wa gida guda aiki, wata kuma ta yini wurin mai caji. Samun saƙo a wayar mutum bai tabbatar da cewa shi ya rubuta ba. Hoton allo ma ana iya ƙirƙira shi. Dole a haɗa da shaidu da sauran hujjoji.

In an damfare ka ko an yi maka barazana

Kada ka goge komai, ko da maganar ta ɓata maka rai. Ɗauki hoton allo mai nuna lamba da kwanan wata, ka adana rasit ɗin kuɗin da ka aika. In an riga an goge, daina amfani da wayar, kuma kada ka kai ta wurin mai gyara a kasuwa, don yana iya shafe abin da ya rage. Kai ta ofishin ƴan sanda ko jandarma mafi kusa. Ƴan uwa na ƙetare masu aiko da kuɗi, ku ma ku riƙe naku kwafin, domin wani lokaci wayarku ce kaɗai za ta rage da saƙon.