Yadda Aka Auna Ɗigon Gajimare

Gajimare, duk girman da yake nunawa a sararin sama, taron ɗige-ɗigen ruwa ne waɗanda faɗin kowannensu bai cika wuce maikiromita 10 zuwa 20 ba, kuma maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Sai kimanin miliyan ɗaya daga cikinsu sun haɗu kafin a sami ɗigon ruwan sama guda. Abin da ya ja hankalina ga tarihin aunonsu shi ne, tsoro yana cikin abubuwan da suka tura masana.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ƙanƙara tana daskarewa a fikafikan jiragen sama har ta kayar da su, kuma girman ɗigon yana da hannu a yawan ƙanƙarar da ke taruwa. Irving Langmuir ya yi bincike a kan Dutsen Washington da ke Amurka, inda ake juya sandunan ƙarfe masu kauri daban-daban a cikin gajimare mai sanyi. Siririn sanda yana kama ƙananan ɗigo, mai kauri kuwa iska ce ke kewaye shi ta tafi da su. Lissafin da shi da Katharine Blodgett suka fitar a 1946 ya ba da hanyar gane girman ɗigo daga nauyin ƙanƙarar kowane sanda.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce mafi sauƙi. A shafa wa ɗan gilashi kunkunniya ko mai, a fito da shi daga jirgi na ƙiftawar ido, kowane ɗigo ya bar tabonsa, sannan a koma ƙasa a ƙirga tabban ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Aiki ne mai cin rai, mai kuma kashe ido. Amma da irinsa Patrick Squires na Ostareliya ya nuna a 1958 cewa gajimaren teku ɗigonsa kaɗan ne kuma manya, na kan tudu kuwa ɗigo ne masu yawa ƙanana. Dalili shi ne, kowane ɗigo yana buƙatar ƙwayar ƙura, gishiri ko hayaƙi da zai taru a kanta. Idan ƙwayoyin suka yi yawa, ruwan sai ya rabu a tsakaninsu, ɗigon su ƙanƙance, haɗuwarsu ta yi wuya, ruwan sama ya yi jinkiri. A 1977 Sean Twomey ya ƙara da cewa irin wannan gajimare ya fi mayar da hasken rana sama.

A shekarun 1970 Robert Knollenberg, a garin Boulder na jihar Colorado, ya ƙera na'urorin da ake ratayawa a ƙarƙashin fiffike. Ɗigo yana ratsa hasken leza, ya warwatsa shi, yawan hasken da ya warwatsu ya nuna girmansa nan take. A ganina an yi saurin amincewa da su, domin daga baya an gano cewa ƙanƙara tana farfashewa a bakin na'urar, tarkacen kuma ya shiga lissafi, har sai da aka sake fasalin bakin.

A daminar 2006, ƙarƙashin shirin AMMA, jiragen bincike na Faransa da Birtaniya sun tashi daga Yamai, suna auna gajimare da ƙurar Sahara a sararin Sahel.