Bayan an gama gwaji: yadda ake tantance sakamako kafin ya kai hannun likita

Aikin ɗakin gwaji, wanda jama'a ke kira labo, ba ya ƙarewa da fitowar lamba daga na'ura. Akwai sauran mataki: a duba sakamakon, a tabbatar da shi, a rubuta shi daidai, a kai shi ga wanda ya nema cikin lokaci. Ƙa'idar ISO 15189, wadda aka fara fitarwa a 2003, ta ware wa wannan mataki sashensa, domin gwaji mai kyau na iya lalacewa a kan takarda.

Abu na farko shi ne suna. A gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, masu suna ɗaya kan haɗu a layi guda, don haka ma'aikaci yana haɗa suna da shekaru, da gari, da lambar rajista kafin ya sa hannu da hatimi. Sannan ya auna sakamakon da hankali: ya dace da halin majinyaci? Ya yi nisa da gwajinsa na baya? In ya yi shakka, sai a sake.

Wasu sakamakon ba sa jiran layi. Yaro mai zazzaɓin cizon sauro da ma'aunin jininsa ya faɗi ƙasa da giram 5 a desilita yana cikin haɗari, kuma ƙa'ida ita ce a sanar da likita nan take, a rubuta lokacin da wanda aka sanar. Haka ma sukarin da ya faɗi ƙasa sosai.

Inda mutanen yankin suka fi shiga ruɗani shi ne ma'auni. Ƙonni tana daf da iyaka, mutane na zuwa Sakkwato su dawo da takardun gwaji, wasu kuma daga Najeriya suke zuwa asibitin Galmi, wanda ke aiki tun 1950. A Nijar an saba rubuta sukari da giram a lita, a Najeriya kuwa da miligiram a desilita ko milimol a lita. Lambobin 1,26 da 126 da 7 abu ɗaya suke nufi: iyakar da ake fara zargin ciwon sukari ga wanda bai karya ba. Takardar da ba ta ɗauke da ma'auni ba ta cika ba, ko da lambar daidai ce. Waƙafi ma yana da nasa tarko, tunda inda Faransanci ke sa waƙafi, Ingilishi ɗigo yake sawa.

Sai fassara. Gwajin gaggawa na zazzaɓi, TDR, yana iya nuna alamar cuta makonni bayan an warke, saboda sinadarin da yake ganowa yana daɗewa cikin jini. Shi ya sa ba mai ɗauke da takarda ne zai yanke wa kansa magani ba.

Akwai kuma binciken da ake yi wa labo ɗin kansa. A yaƙi da tarin fuka, ana ajiye gilasan majina, a zaɓi wasu a ba wani ma'aikaci ya sake karantawa ba tare da ya san sakamakon farko ba. Samfurin sanƙarau da kwalara kuwa ana aika su cibiyar CERMES da ke Yamai don tabbatarwa, kuma amfanin hakan yana ga dawowar amsa ga gundumar da ta aika. Tun 2009 hukumar lafiya ta duniya OMS ta kawo wa ƙasashen Afirka tsarin da ke ba ɗakunan gwaji tauraro ɗaya zuwa biyar gwargwadon cika ƙa'ida.

Majinyaci ma yana da nasa rabo: ya duba sunansa da kwanan wata kafin ya bar taga, ya ajiye takardar cikin karnensa, ya nuna wa likita ko majo ta baya duk lokacin da aka yi masa sabuwa.