RUBUTU

rubutu (rùbùutuu) *sn., nj.*, *jam.* rubuce-rubuce (rùbùuce-rùbùuce).

1. Zayyana magana da haruffa a takarda, allo, bango ko fuskar waya: *~n boko*; *~n ajami*.

2. *~n hannu*: yadda alƙalamin mutum yake tafiya. *Mis.* ~nsa kamar tsakuwar kaza ta bi ta kan takarda. Ba ya karantuwa.

3. (*zane a kwamfuta*) *salon ~*: zubin haruffa da mai zane ke zaɓa don kati, fosta ko kalanda. a. *salon ~n hannu*: wanda ke kwaikwayon alƙalami ko buroshi, haruffa a karkace, wani lokaci a sarƙe da juna, irin Brush Script (Robert E. Smith, Amurka, 1942). Ya dace da sunan ango da amarya. A dogon bayani yakan gajiyar da ido. Da yawa daga irin wannan salo ba su da ɓ, ɗ, ƙ, sai akwati ya fito a gurbin harafin. *Mis.* ~n ya yi kyau, amma ƙugiyar "Ɗanladi" ta ɓata. b. *ƙawata ~*: sa masa inuwa, kauri ko ruwan zinare a manhaja irin Photoshop ko CorelDRAW. *Mis.* Rage hasken hoton, ~n ya fito.

4. *~n sha*: ayoyin da aka rubuta a allo da tawada, a wanke a sha.

*Dangi*: rubuta (rubùutaa) *fi.*; marubuci (marùbùucii) *nj.*, marubuciya *tm.*, marubuta *jam.*, rubutacce (rùbùutaccee) *sif.*