Alƙaluman Facebook da WhatsApp: abin da suke gaya wa ɗan kasuwa

Alƙaluman shafi su ne lissafin da manhajojin sada zumunta ke ajiye wa mai talla: mutum nawa suka ga kayansa, nawa suka tanka, daga wane gari, kuma a wane lokaci. Kyauta ne, amma da yawa daga cikinmu masu saida atamfa, kilishi ko turaren wuta ta salula ba mu taɓa leƙa su ba.

A Facebook, sai wanda ya buɗe shafin kasuwanci ke samun cikakkensu, ta manhajar Meta Business Suite. Za ta nuna maka yawan waɗanda hoton ya isa gare su, da shekarun mabiyanka, maza ne ko mata, ƴan Maraɗi ne ko ƴan Yamai. WhatsApp Business kuwa, da ta fito a 2018, tana da wurin jera kaya da farashinsu, da alamomin rarrabe masu saye: sabo, wanda ya biya, wanda ake bi bashi. Sitatus ma yana nuna sunayen waɗanda suka kalla kafin ya ɓace bayan awa 24, sai dai wanda ya kashe alamar karanta saƙo ba zai fito a lissafin ba.

To, wane adadi ne abin kulawa? A ganinmu ba yawan masu danna alamar so ba ne, don kallo ba ciniki ba ne. Abin ƙirgawa shi ne masu tambayar "nawa ne?", sannan cikinsu su wa suka turo kuɗi ta Nita, Amana ko Airtel Money. Misali, ka kashe jika 5 a talla, mutum 20 suka yi magana, 2 suka saya. Kowane mai saye ya ci maka sefa 2.500 ke nan. In ribar turmi ba ta kai haka ba, tallar nan asara ce, ko da dubbai sun gani.

Lissafin gari shi ma yana da amfani. In tambayoyi sun fi fitowa daga Damagaram ko Tawa, sai a nemi motar da za a riƙa ba saƙo, a san kuɗinta tun kafin a yanka farashi.

Akwai abin da waya ba ta gani. Wadda ta ga hoto da dare ta zo shago da safe ba ta cikin alƙaluman kowa. Wannan sai an tambaye ta inda ta ji labari, a rubuta a littafin ciniki.