Al'adun watan Nuwamba a ƙasashen da ke magana da Turancin Ingilishi

Watan Nuwamba na cikin watannin da suka fi cika da bukukuwa da ranakun tunawa a Birtaniya da Amurka da sauran ƙasashen da ke magana da Turancin Ingilishi. Mai koyon harshen zai ci karo da kalmomi a jaridu da rediyo waɗanda ƙamus kaɗai ba zai fayyace masa su ba, sai ya san tarihin da ya haife su.

Sunan watan ya samo asali ne daga kalmar Latin "novem", wato tara, domin a tsohuwar kalandar Rumawa shekara na farawa ne da watan Maris. Ya ci gaba da riƙe sunan ko bayan da ya koma wata na 11. A Birtaniya ana kiran wannan yanayi na kaka "autumn", Amurkawa kuma sun fi cewa "fall", saboda zubar ganyen itatuwa.

Daren wasan wuta

A daren 5 ga Nuwamba akan hura manyan wutatuwa a garuruwan Birtaniya, a kuma harba tartsatsin wuta sama. Ana kiran daren "Bonfire Night".

Asalinsa wata maƙarƙashiya ce ta shekarar 1605. Wasu mabiya ɗarikar Katolika, ƙarƙashin jagorancin Robert Catesby, sun shirya tarwatsa ginin Majalisar Dattawa a ranar buɗe majalisa, domin hallaka Sarki James na Ɗaya, saboda takurawar da ake yi wa ɗarikarsu. Wata wasiƙa marar sa hannu ce ta tona asirin. An kama Guy Fawkes a ƙarƙashin ginin yana gadin gangunan albarushi 36, aka kuma zartar masa da hukuncin kisa a watan Janairun 1606.

Majalisa ta kafa dokar yin godiya a wannan rana kowace shekara, ba a soke ta ba sai a 1859. An daɗe ana amfani da bikin wajen nuna ƙiyayya ga 'yan Katolika, amma a yau akasarin jama'a na ɗaukarsa a matsayin daren shaƙatawa da iyali. Har yanzu dogaran sarki kan binciki ƙasan ginin majalisa kafin a buɗe ta, don raya al'ada.

A wannan dare akan ƙona mutum-mutumin Guy Fawkes. Daga nan aka fara kiran duk mutumin da ya yi shigar banza "guy". Da kalmar ta ƙetara Amurka sai ta rasa wannan ma'ana, ta koma nufin kowane namiji.

Ranar tunawa da 'yan mazan jiya

Da ƙarfe 11 na safiyar 11 ga Nuwamban 1918 aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tun daga 1919, bisa kiran Sarki George na Biyar, ake yin shiru na minti 2 a daidai wannan lokaci. A Birtaniya da Kanada da Ostireliya ana kiran ranar "Remembrance Day". A Amurka kuwa an sauya mata suna zuwa "Veterans Day" a 1954, don ta haɗa duk waɗanda suka yi aikin soja.

Jan furen da ake gani a ƙirjin 'yan siyasa da masu karanta labarai shi ne "poppy". Fure ne da ya riƙa tsirowa a filayen daga na Beljiyam da arewacin Faransa bayan da bama-bamai suka farfasa ƙasa. Tun 1921 ake sayar da kwaikwayonsa a Birtaniya don tallafa wa tsofaffin sojoji da iyalansu. A Lahadi ta biyu ta watan, gidan sarauta da shugabannin siyasa kan ajiye furanni a dandalin Cenotaph da ke London.

Sojojin Afirka ta Yamma na cikin waɗanda ake tunawa da su. Rundunar Najeriya, wadda Hausa ce harshen sadarwarta, ta yi yaƙi a Kamaru da Gabashin Afirka a yaƙin farko, sannan a Burma a na biyu. Ghana na ci gaba da bikin a ranar 11 ga Nuwamba, ita kuwa Najeriya ta mayar da nata 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970.

Ranar godiya a Amurka

A Alhamis ta huɗu ta watan ne Amurkawa ke bikin "Thanksgiving", wato ranar godiya. Ana danganta shi da Turawan Ingila da suka sauka a Plymouth cikin jirgin ruwan Mayflower a 1620. Kusan rabin fasinjojinsa 102 sun mutu a hunturun farko. 'Yan asalin ƙasar na ƙabilar Wampanoag ne suka koya wa sauran noman masara, kuma a kakar 1621 ɓangarorin biyu suka yi liyafar kwana 3.

Shugaba Abraham Lincoln ne ya ayyana ranar a matsayin ta ƙasa baki ɗaya a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa. Majalisar dokoki ta tsayar da ita a Alhamis ta huɗu a 1941. Iyalai kan taru daga nesa su ci gasasshen talotalo da dankali da kek ɗin kabewa.

Sai dai ba kowa ke murna ba. Tun 1970 wasu 'yan asalin Amurka ke taruwa a Plymouth a wannan rana don zaman makoki, suna tuna ƙasar da aka ƙwace musu da al'ummomin da yaƙi da cututtuka suka rage. Kanada na yin nata bikin a Litinin ta biyu ta Oktoba, Laberiya kuma a Alhamis ta farko ta Nuwamba.

Washegari ita ce "Black Friday", ranar da shaguna ke karya farashi. 'Yan sandan birnin Philadelphia ne suka yaɗa sunan, saboda cunkoson da ke wahalar da su a ranar.

Zaɓe da sukuwa

Wata doka ta 1845 ce ta sanya zaɓen shugaban Amurka a Talatar da ke bin Litinin ta farko ta Nuwamba. A lokacin yawancin masu zaɓe manoma ne: an gama girbi, sanyi bai tsananta ba, kuma mai tafiyar yini guda a kan doki zai iya tashi ranar Litinin ba tare da ya rasa zuwa coci ranar Lahadi ba.

A Ostireliya kuwa, inda zafi ke kunno kai a wannan wata, Talatar farko ranar sukuwar "Melbourne Cup" ce. Tun 1861 ake yin ta, tsawonta mita 3,200, kuma ranar hutu ce a birnin Melbourne.

A wannan birni ne kuma aka fara al'adar "Movember" a 2003, inda maza ke barin gashin baki tsawon watan don tara kuɗin yaƙi da cutar dajin maza. An haɗa sunan ne daga "mo", yadda 'yan Ostireliya ke taƙaita kalmar gashin baki, da sunan watan.

Watan na ƙarewa ne da ranar 30, wadda mutanen Scotland suka keɓe wa Saint Andrew a matsayin ranarsu ta ƙasa.