Dalilan Hare-haren Isra'ila a kan Siriya Bayan Faɗuwar Gwamnatin Assad a 2024

Abin da wannan takarda take son dubawa shi ne wani al'amari da ya sha aukuwa a tarihi, watau ƙasa ta kai wa maƙwabciyarta hari a daidai lokacin da gwamnatin maƙwabciyar ta rushe. Abin yana da ɗaure kai, domin za a zaci faɗuwar abokin gaba ita ce ƙarshen faɗa, amma sau da yawa akan ga akasin haka. Na zaɓi abin da ya auku tsakanin Isra'ila da Siriya a watan Disamba na 2024 ya zama abin nazarinmu, zan kuma waiwayi Libiya da Yaƙin Duniya na Biyu inda bukatar hakan ta taso.

Ran 27 ga Nuwamba 2024 'yan tawaye ƙarƙashin ƙungiyar Hay'at Tahrir al-Sham suka taso daga lardin Idlib. Kafin mako biyu sun ci Halab da Hama da Hums, ran 8 ga Disamba suka shiga Dimashƙu, Bashar al-Assad ya tsere zuwa Mosko, mulkin da mahaifinsa Hafiz ya kafa tun 1970 ya zo ƙarshe. Sojojin gwamnati suka tuɓe kaki suka watse, suka bar barikoki ba mai gadi. A wannan rana ce jiragen Isra'ila suka fara ruwan wuta. Bisa ga faɗar rundunar Isra'ila kanta, cikin awa 48 ta kai hari kusan 480 a kan filayen jiragen yaƙi, da rumbunan makamai masu linzami, da makaman kakkaɓo jiragen sama, sa'an nan ta bugi tashoshin ruwa na Latakiya da al-Baida inda jiragen yaƙin ruwa 15 suke ɗaure. Ta ƙiyasta cewa ta lalata kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na manyan makaman ƙasar. Sojojinta na ƙasa kuwa suka ƙetara daga Tuddan Golan, suka kama ƙololuwar Dutsen Harmon, wanda Larabawa ke kira Jabalus Shaikh, mai tsayin mita 2,814.

Wajibi ne a ɗan koma baya. Isra'ila ta ƙwace Golan daga hannun Siriya a yaƙin 1967. Bayan yaƙin 1973 aka ƙulla yarjejeniyar raba dakaru ran 31 ga Mayu 1974, aka keɓe wani siririn yanki tsakani wanda ba a yarda sojan kowane ɓangare ya shiga ba, sai dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya masu sa ido. A 1981 Isra'ila ta ɗora dokarta a kan Golan, Kwamitin Sulhu kuwa ya ce wannan mataki ba shi da tasiri a shari'a. Wannan yanki na tsakani shi ne sojojin Isra'ila suka shiga a 2024.

Gwamnatin Isra'ila ta ba da dalilai biyu. Na farko, kada makamai masu guba da makamai masu cin dogon zango su faɗa hannun masu tsattsauran ra'ayi. Na biyu, Firayim Minista Netanyahu ya ce yarjejeniyar 1974 ta rushe tun da sojojin Siriya sun bar wurarensu.

Dalilin farko ba abin rainawa ba ne, mu kuwa a wannan sashe na Afirka mun fi kowa sanin haka. Da mulkin Gaddafi ya faɗi a 2011, rumbunan makaman Libiya suka zama ganima, makaman suka ratsa Sahara, a farkon 2012 tawaye ya ɓarke a arewacin Mali, wutar kuma ta yi ta bazuwa a Sahel. Amma a lura da irin makamin da ya yi wannan tafiya: bindigogi ne da harsasai da rokoki, abin da za a iya labta wa a-kori-kura. Ba wanda ya ji labarin an yi fataucin jirgin yaƙin ruwa ta hamada. Jirgin sama na yaƙi yana bukatar matuƙi da makanikai da mai da fili, watau yana bukatar gwamnati a bayansa. To, idan muka dubi jerin abubuwan da Isra'ila ta lalata, ban da wuraren makamai masu guba waɗanda tsoronsu yake da hujja, mafi yawansu kayan yaƙin ƙasa ne, ba kayan 'yan ta'adda ba. A ganina wannan ya nuna cewa abin da aka kai wa hari ba gwamnatin da ta mutu ba ce, gwamnatin da ba a riga an haifa ba ce.

Akwai misali da zai ƙara haskaka wannan batu. Ran 22 ga Yuni 1940 Faransa ta sa hannu a takardar ajiye makami ga Jamus. Ran 3 ga Yuli rundunar ruwan Ingila, bisa umurnin Churchill, ta buɗe wuta a kan jiragen Faransa da ke Marsal Kabir kusa da Oran ta Aljeriya, aka kashe sojojin ruwan Faransa kusan 1,300, mutanen da makonni kaɗan kafin nan suke yaƙi kafaɗa da kafaɗa da Ingilishi. Faransawa sun yi alkawari ba za su bar jiragen su shiga hannun Jamus ba, sun kuwa cika, domin a Nuwamba 1942 su da kansu suka nutsar da jiragensu a Tulon. Amma Churchill bai auna niyyar mai riƙe da makami ba, ya auna makamin ne da wanda zai iya gadonsa. Irin wannan lissafi aka yi a 2024. Sai dai akwai bambanci biyu. Ingila tana cikin yaƙi da wanda take tsoron zai gaji jiragen, ta kuma ba Faransawa zaɓi da wa'adin sa'o'i kafin ta yi harbi. A Siriya kuwa sabon jagora Ahmad al-Shara'a ya furta tun a Disamba cewa yana kan yarjejeniyar 1974, ba ya kuma neman faɗa da Isra'ila, amma hare-haren ba su jira a gwada maganarsa ba.

Me ya sa faɗuwar Assad, abokin Iran da Hizbullahi, ta tayar wa Isra'ila da hankali? Domin abokin gaba ne da aka san halinsa. Daga 1974 zuwa 2011 da wuya a ji ƙarar bindiga a iyakar Golan. A 2007 Isra'ila ta rusa masa wurin nukiliya a lardin Dairuz Zur bai rama ba, haka kuma ɗaruruwan hare-haren da ta kai cikin shekarun yaƙin basasa. Wanda ya gaje shi kuwa tsohon jagoran reshen al-Ƙa'ida ne. Bugu da ƙari, tun bayan harin Hamas na 7 ga Oktoba 2023 shugabannin Isra'ila sun daina amincewa da barin mai makami kusa da iyaka bisa zaton ba zai yi amfani da shi ba.

Akwai kuma dalilin da ba a faɗa ba, wanda ni nake ganin shi ne ya fi nauyi, watau dama. Hausawa kan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wannan mako babu mai tsaron makaman kakkaɓo jirage, Rasha da ta tsaya wa Assad tun 2015 ta janye hannu, Hizbullahi ta jigata, ta kuma shiga tsagaita wuta tun 27 ga Nuwamba. Aikin da a da zai ci rayukan matuƙa ya zama na kwana biyu ba asara. Sararin samaniyar Siriya ya buɗe, shi kuwa yana kan hanyar zuwa Iran, wadda Isra'ila ta kai wa hari a watan Yuni 2025.

Dalili na biyu shi ne mafi rauni. A dokar ƙasa da ƙasa yarjejeniya tana ɗaure ƙasa ne, ba mutumin da ke kan mulki ba, in ba haka ba kowane juyin mulki sai ya warware iyakoki. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce shigar sojojin ta saɓa wa yarjejeniyar. Abin lura kuma, Golan kanta da sunan garkuwar tsaro aka riƙe ta, ga shi garkuwar ta wayi gari tana bukatar tata garkuwa. An ce shigar ta ɗan lokaci ce, amma ran 15 ga Disamba 2024 gwamnatin Isra'ila ta amince da shirin ninka yawan mazauna Golan. A Fabrairu 2025 Netanyahu ya nemi kada sojojin sabuwar gwamnati su zauna a lardunan Ƙunaidira da Dar'a da Suwaida. Ran 16 ga Yuli 2025 jiragen Isra'ila suka bugi hedkwatar rundunar Siriya a tsakiyar Dimashƙu, a wannan karo dalilin da aka bayar shi ne kare 'yan Duruz na Suwaida.